Babi na Bakwai: Asusun Naƙuda na Makarfi

A tsakiyar shekarun 1990, lokacin da ake kwana a layin mai, asibitocin gwamnati kuma suka koma rubuta wa majinyaci komai ya je ya sayo, tun daga allura har safar hannun likita, mutanen ƙasar Makarfi sun haɗa wani asusu. Ba na gina masallaci ba ne, ba kuma na taron siyasa ba. Asusu ne na ranta wa iyalin matar da haihuwa ta zo wa da gardama, domin a kai ta asibiti a biya abin da za a biya, daga baya a dawo da kuɗin. Mutum fiye da 2,000 ne suka jefa kuɗi sau ɗaya, wasu 81 kuma suka ɗauki alkawarin bayarwa duk shekara. Da aka ƙirga, an sami abin da ya kai dalar Amurka 20,500. A ƙasar manoman rake da masara, a irin wancan zamani na matsin tattalin arziki, wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne.

Waɗanda suka kawo shawarar likitoci ne da masana zamantakewa daga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, cikinsu har da Kabir Sabitu, wanda daga baya ya zama farfesa a fannin lafiyar al'umma. Su kuma reshe ne na wani haɗin gwiwar masu bincike na Nijeriya da Gana da Saliyo da ke neman rage mutuwar mata wajen haihuwa, tare da Jami'ar Kolambiya ta Amurka, da tallafin gidauniyar Carnegie. Tsarin haɗin gwiwar mai sauƙi ne: kowace tawaga ta je ta tambayi mutane abin da ke kashe matansu, ta gwada gyara da ɗan kuɗi kaɗan, ta rubuta abin da ya faru, ko ya yi daɗi ko bai yi ba. A 1997 aka buga sakamakon Makarfi a wata mujallar likitocin mata ta duniya.

Zariya ba baƙuwa ba ce ga irin wannan tambaya. Tun tsakanin 1976 da 1979 Farfesa Kelsey Harrison ya bi diddigin haihuwa 22,774 a asibitin Zariya, kuma abin da ya gano ya zaga duniya: matar da ta yi awo tun da wuri da wuya ta rasa ranta, wadda kuwa ba a ganta ba sai da aka kawo ta a galabaice, bayan kwana biyu ko uku tana naƙuda, ita ce ke mutuwa. Cuta ɗaya, asibiti ɗaya, likita ɗaya, amma makoma daban. Abin da ya raba su ya faru ne tun kafin su iso ƙofar asibiti, a gida da kan hanya da cikin aljihu.

Masana sun kasa wannan jinkiri kashi uku, amma duk wanda ya tashi a Gubuchi ko Likoro ko Kurmin Kogi ya san shi ba tare da an kasa masa ba. Akwai jinkirin cikin gida, inda ake cewa a bari gari ya waye, ko maigida ba ya nan, ko a fara gwada rubutu tukuna, ita kuma mai naƙudar fari kunya ta hana ta ko nishi mai ƙarfi. Akwai na hanya, musamman da damina, lokacin da laka ke cin babur, mai mota kuma ya ji maganar jini ya ninka kuɗinsa. Sannan akwai na asibiti, inda ake tarar da ba jini, ba wuta, ko mai yin aikin ya tashi, a ce a wuce Zariya. Asusun Makarfi ya nufi na farko da na biyu ne, domin sau da yawa abin da ake kira jiran maigida jiran kuɗi ne aka saya masa suna.

To me ya faru da kuɗin? A cikin wata 9, rance 18 aka bayar.

Goma sha takwas, a yankin da ake haihuwa dubbai a shekara, kuma masana lafiya sun daɗe suna kiyasin cewa kusan mace 15 cikin 100 masu ciki za ta gamu da matsalar da ke buƙatar asibiti. A ɓangaren sufuri kuwa, masu motoci 23 ne suka yi alkawarin tashi kullum ko da tsakar dare, wasu 58 kuma suka yi alkawarin karɓa-karɓa, suka ɗauki mata 18. Ba wanda zai raina rai 18, kuma duk gidan da aka dawo musu da 'yarsu da ranta sun san darajar abin. Amma idan aka ɗora wannan adadi a kan yawan kuɗin da aka tara, dole mutum ya tsaya ya yi tunani.

A daidai wannan lokaci wata tawaga ta haɗin gwiwar ta gwada irin wannan asusu a Ekpoma, a jihar Edo. Can ba a yi babban asusu guda ba. Kowane dangi ya riƙe nasa a hannun shugabanninsa, rancen kuma ƙanana ne. Cikin shekara guda mata 456 suka nema, aka ba 380, kuma kashi 93 cikin 100 suka biya cif. Edo ba Zazzau ba ce, ilimin mata da 'yancin fitarsu sun bambanta ƙwarai, don haka kwatancen yana da iyaka. Duk da haka akwai abin dubawa. Kuɗin da ke kusa da mai buƙata, a hannun wanda za a iya buga wa ƙofa da ƙarfe biyun dare, shi ne ake nema. Wanda sai an bi ta hannun wane da wane, ko sai gari ya waye an sa hannu, yakan zauna lafiya lau a inda aka ajiye shi.

Akwai kuma nauyin kalmar bashi a wurin magidanci. Mutum zai iya cin bashin taki a bainar jama'a, domin kowa na ci. Amma ya je gaban kwamiti, wanda a cikinsa akwai dagaci da liman da wataƙila surukinsa, ya ce ya kasa ɗaukar nauyin haihuwar matarsa, wannan wani abu ne daban. Da yawa za su gwammace su karyar da akuya ko buhun masara a hannun ɗan kasuwa, ko kuma su jira. Ita kuwa matar da abin ya shafa, ba ita ke zuwa neman rancen ba, kuma ba mamaki ba ta ma taɓa jin labarinsa ba, tunda a ƙofar fada da masallaci da kasuwa ake shelar irin waɗannan abubuwa. Tara kuɗi bai taɓa yi wa mutanen wannan yanki wuya ba. Masu adashi ne, masu gayya, masu gudummawar biki da ta rasuwa. Fitar da kuɗin zuwa ga wadda ba ta da murya a taro, nan ne aikin yake.

Abin da ya fi daɗewa daga gwaje-gwajen wancan zamani shi ne batun direbobi. Tawagar Sakkwato, da ta yi aiki a jihar Kebbi, ba ta nemi masu motocin gida ba, sai ta je tasha ta zauna da ƙungiyar direbobi ta NURTW. Wannan dabara ce shirin lafiya na PATHS2, wanda gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyi daga 2008, ya faɗaɗa a Kaduna da Kano da Jigawa. An riƙa koya wa direba alamomin haɗari, irin su jijjiga da zubar jini da doguwar naƙuda, a koya masa yadda ake kwantar da mace a mota, a raba lambar wayarsa a ƙauyuka. Ladan da ya fi tasiri ba kuɗi ba ne. Direban da ya kai mai naƙuda asibiti, in ya dawo tasha, sai a ba shi lodi ba tare da ya bi layi ba. Duk wanda ya san yadda direba ke wuni yana jiran layinsa a ranar da ba ta kasuwa ba, ya san wannan ba ƙaramin tukuici ba ne, kuma ko kwabo bai fita daga aljihun mai ba da tallafi ba. Shirin ya ƙare, ofisoshinsa sun rufe, amma tasha tana nan da shugabanninta da dokokinta.

Gwamnati ma ta daɗe tana zagaya wannan tunani na miƙa kuɗi da iko ga jama'a. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka amince a Bamako cewa a bar al'umma su riƙe asusun magani mai juyawa, a sayar a sake sayowa. A Nijeriya an yi ta kafa irin wannan asusu yana karyewa, wani wurin saboda bashin manya, wani wurin saboda faɗuwar naira ta cinye jarin. Sai a 2014 aka sa hannu a Dokar Lafiya ta Ƙasa, wadda ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin lafiya a matakin farko. Shi ne asusun da ma'aikatan lafiya ke kira BHCPF. Bai shiga kasafi ba sai 2018, da kimanin naira biliyan 55, kuɗin kuma suka fara sauka a 2019.

Sabon abin da ya zo da shi shi ne kuɗin ba ya tsayawa a sakatariyar ƙaramar hukuma. Yana shiga asusun banki na asibitin mazaɓa kai tsaye, kuma ba ya fita sai da sa hannun mutum biyu: shugaban asibitin da shugaban kwamitin raya mazaɓa, wanda ɗan gari ne ba ma'aikaci ba. Duk wata uku sukan zauna su tsara abin da za a yi, ko gyaran rufin ɗakin haihuwa, ko famfo, ko sayen magani, ko man babur na fita rigakafi. Jihar Kaduna ta shiga tsarin da shirinta, domin gwamnatin Nasir El-Rufa'i ta riga ta zaɓi asibiti ɗaya a kowace mazaɓa daga mazaɓu 255 na jihar ta ce za ta gyara shi ta zuba kayan aiki. Ƙananan hukumomin Ikara da Makarfi da Kudan kowace na da mazaɓu 10, ke nan asibitoci 30 ne a tsakaninsu ke kan wannan layi.

Sai dai a dubi girman kuɗin. Shekaru da dama abin da ke zuwa wa asibiti ɗaya bai wuce kimanin naira 300,000 ba a wata uku. A 2019 wannan ya haura dala 800. Bayan cire tallafin mai da sakin naira a 2023, da dala ta kai wajen naira 1,500, ya koma kimanin dala 200, alhali maganin da ake saya da shi galibi daga waje yake zuwa. Ma'aikatar Lafiya ta tarayya a ƙarƙashin Farfesa Muhammad Ali Pate ta sanar da ɗaga shi zuwa tsakanin naira 600,000 da 800,000, abin a yaba, amma lissafi ya nuna ko bayan ninkawar bai koma ƙarfinsa na farko ba. Har yanzu kuma fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya a Nijeriya daga aljihun majinyaci da danginsa yake fita.

Idan ana maganar rashin daidaito a harkar lafiya, an fi son kwatanta Arewa da Kudu, kuma alƙaluman suna da tayar da hankali. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a Arewa maso Yamma yara 187 cikin 1,000 ke mutuwa kafin su cika shekara biyar, a Kudu maso Yamma kuwa 62. A lokacin, mace ɗaya cikin shida ce kawai ke haihuwa a asibiti a Arewa maso Yamma. Amma akwai wani bambancin da alƙaluman shiyya ba sa nunawa, wanda yake cikin mazaɓa ɗaya. Asibitin da aka zaɓa kusan kullum yana babban garin mazaɓar ne, inda dagaci yake, inda kasuwa take, inda hanya ta fi kyau. Wanda ke bakin titin Zariya zuwa Kano a Tashar Yari, in abin ya ƙi, yana iya tsayar da mota ya nufi asibitin koyarwa na Shika. Na can cikin lungu, 'yan unguwannin noma da rugagen Fulani da gidajen Maguzawa da ke warwatse a gonaki, sai sun fara kokawa da rafi kafin su ga asibitin mazaɓarsu. Ƙaramin sha-ka-tafi da ke kusa da su kuwa ba ya cikin jerin masu samun kuɗin. Su ne suka fi mutuwa, su ne kuma ba a cika gani a kujerar kwamiti ba.

Tallafin da al'umma ke nema da takarda ya fi fito da wannan matsala fili. Shirin raya al'umma na CSDP, wanda Bankin Duniya ya fara ba da kuɗinsa a 2009, ya bar gari ya zaɓi aikin da yake so, ya kafa kwamitinsa, ya riƙe kuɗin, ya ɗauki magina da kansa. A wurare da yawa an gina asibiti da rijiyar burtsatse a farashin da ɗan kwangila ba zai ko saurara ba, kuma mutane sun kula da abin domin suna ganin nasu ne. Amma sharaɗin shi ne gari ya kawo kashi 10 cikin 100, da kuɗi ko yashi ko aikin ƙarfi, ya rubuta takardar nema, ya yi rajistar ƙungiya, ya buɗe asusun banki. Garin da ke da ɗansa malamin jami'a a Samaru, ko darakta a Kaduna, ko tsohon hedimasta da ya iya rubuta wasiƙa, cikin mako guda zai kammala. Ƙauyen da ba shi da ko ɗaya, ba ya ma jin an buɗe. Da haka kuɗin da aka ware don cike giɓi yake bin sawun ruwan damina, ya gangara inda dama akwai tafki. Maganin wannan sananne ne, sai dai yana da tsada kuma ba ya burge kowa a hoto: a biya mutum ya hau babur ya je ƙauyen da bai nema ba, ya zauna da su har su iya nema.

Wani abin lura shi ne duk lokacin da aka tambayi taron maza abin da suke so, gini suke cewa. Gini ana ganinsa, ana yanka masa zare, ana rubuta sunan gari a jikinsa. Ungozomar da za ta kwana a ciki kuwa ba ta cikin abin da tallafi ke saya, domin albashi na gwamnati ne. Abin mamaki, Makarfi ce ke da kwalejin kimiyyar lafiya ta Shehu Idris, wadda ta shekara da shekaru tana yaye malaman asibiti da ke aiki a ko'ina cikin Arewa, amma a ƙauyukan da ke zagaye da ita ba wuya a sami asibitin da ake rufewa da la'asar. Ma'aikaciyar da aka turo daga birni ba za ta zauna inda ba ɗakin kwana mai tsaro, ba ruwa, ba makarantar 'ya'yanta ba. Kwamitin da ya fahimci haka ya kashe kuɗinsa kan ɗaki biyu da katanga da fitilar sola, ko ya ɗauki nauyin karatun 'yar gari bisa alkawarin za ta dawo, ya fi wanda ya ƙara sabon ɗakin kwantar da majinyata hangen nesa, ko da ba a zo an buɗe masa da kiɗa ba.

Ƙa'idar hukumar lafiya matakin farko ta ƙasa ta ce aƙalla kashi 40 cikin 100 na 'yan kwamitin mazaɓa su zama mata. A takarda yawanci ana cika wannan. A zaure kuwa, mace biyu ko uku ne a gefe, a gaban iyayen ƙasa, kuma tarbiyya ba ta bar su su katse babba ba. Inda ake jin ainihin maganar mata shi ne a Islamiyyar matan aure, da gidan suna, da wurin uwar adashi, da bakin tsofaffin ungozomomi da suka san kowane ciki a unguwa tun kafin ya fito. Da asusun Makarfi zai sake dawowa a yau, hannun irin waɗannan ya kamata a damƙa wa aƙalla rabinsa, a ƙananan kaso, unguwa-unguwa, a kuma bar su su yanke wadda za a ranta wa da wadda za a yafe wa. Sun fi kowane fom sanin gidan da ba a ɗora tukunya ba.

Lokacin tara kuɗin ma abin dubawa ne. Manomin Makarfi yana da kuɗi a lokacin saran rake da dafa mazarƙwaila, na Ikara a kakar masara da tumatir, Kudan kuma ga rake ga dankali ga inabin da ya fara jawo mata suna a 'yan shekarun nan. A watan Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sauro ya yi yawa, hanya ta lalace, ba mai ko sisi, kuma a lokacin ne aka fi buƙatar asibiti. Hukumar inshorar lafiya ta jihar Kaduna, KADCHMA, da aka kafa da dokar 2018, tana karɓar kuɗin shekara a dunƙule daga wanda ba ma'aikaci ba, tana kuma yi wa wasu marasa ƙarfi rajista kyauta da kason da ke zuwa daga asusun tarayya. Ƙungiyar gari da za ta bi manoma da kaka ta karɓi buhu maimakon takardar kuɗi, ta haɗa da zakkar masu hali, ta biya wa gidajen da aka tantance, za ta kauce wa kunyar bashi gaba ɗaya, tunda mai kati ba roƙo ya zo yi ba.

Duk wannan yana tsayawa ne a kan abu guda da ya fi ƙarfin kowane kwamitin ƙauye, wato abin da za a tarar a ƙarshen tafiya. Su kansu likitocin Zariya sun san haka, shi ya sa a shekarun 1990 ba su tsaya kan asusu da motoci ba, sai da suka haɗa da gyaran sashen haihuwa da tanadin jini da kayan aikin gaggawa a asibitocin da za a kai matan. Iyalin da suka ci bashi, suka tashi direba da tsakar dare, suka isa babban asibitin Ikara ko Makarfi ko Hunkuyi aka ce musu babu jini, ba su kaɗai suka yi asara ba. Duk unguwarsu ta ji labari, kuma mace ta gaba a gida za a bar ta. Tun 2022 kamfanin Zipline ya kafa sansanin jirage marasa matuƙa a Pambegua, cikin ƙaramar hukumar Kubau mai maƙwabtaka da Ikara, yana jefa magani da allurar rigakafi ga asibitocin karkara cikin mintuna. A ƙarshen 2024 kuma gwamnatin tarayya ta sanar da cewa za a riƙa yi wa mata marasa ƙarfi aikin fitar da jariri kyauta a asibitocin da aka tantance. Jirgin yana sauke kaya ne inda akwai ma'aikacin da ya yi oda, aikin kyautar kuma na wadda ta iso ce. Kuɗin man da zai ɗauko ta daga gida, da wanda zai ba da jini, da abincin mai jinya na kwana biyar, har yanzu a cikin unguwa ake nemo su.